Keken Kanti Aro Ne, 'Ya'yana

'Ya'yana, akwai wani ɗan lokaci a sayayyar zamani da nake so ku riƙa lura da shi. Kun zaga babban kanti, kun biya, kun turo keken kaya har gindin mota, kun buɗe but kun jera shinkafa da man girki da sabulu. Keke ya zama wayam, amfaninsa gare ku ya ƙare. Daga inda kuke tsaye zuwa inda ake tara kekunan 'yar tafiya ce, amma rana tana dukan ƙeya, na cikin mota kuma suna cewa a yi sauri. Babu mai gadin da zai tare ku idan kun bar shi a nan, babu kuma wanda zai ce muku an gode idan kun mayar. To, roƙona gare ku shi ne ku mayar.

Mu da muka tashi da irin cinikin kasuwar Kurmi da Sabon Gari ba mu san wannan ba. Idan kaya sun yi nauyi, ɗan dako ake kira, ko mai baro, ku daidaita, ya kai maka bakin titi, ka sallame shi, ya koma da abinsa. Komai ido da ido ake yi, kuma kowane mataki yana da ladabinsa da muka koya a wurin iyaye. Ku kuwa kun tashi kun tarar da manyan kantuna. An buɗe Ado Bayero Mall a Kano a 2014, ga Jabi Lake Mall a Abuja, ga kantunan Sahad, ga waɗanda kuke shiga idan kun je karatu Ingila ko Masar ko Malesiya, ga kekunan ɗaukar jakunkuna a filin jirgi idan an tafi Umara. Abin ya zo mana daga waje, kuma bai zo da kakar da za ta zaunar da yaro ta gaya masa yadda ake yi da shi ba. Shi ya sa na ga ya dace wani babba ya faɗa.

Bari in fara gaya muku asalinsa, don sanin asalin abu yana sa a ga ƙimarsa. Wani ɗan kasuwa ne mai suna Sylvan Goldman, mai kantunan Humpty Dumpty a birnin Oklahoma na Amurka, ya lura cewa masu sayayya suna tsayawa da zarar kwandon hannu ya yi musu nauyi. Sai ya ɗauki dabara daga kujerar nan da ake naɗewa, shi da wani ma'aikacinsa Fred Young suka ƙera ƙarfe mai tayoyi da ake ɗora kwanduna biyu a kai, aka fito da shi a 1937. Da farko mutane ƙi suka yi. Maza suna ganin tura shi kamar nuna rashin ƙarfi ne, mata kuma suna cewa sun gaji da tura keken jarirai. Sai da Goldman ya ɗauki mutane haya, maza da mata, suna zagaya kanti suna tura keken kamar masu sayayya, sannan jama'a suka ga ba abin kunya ba ne, suka bi. Ku riƙe wannan, domin tun ranar farko ganin abin da wasu ke yi ne ya koya wa mutane mu'amala da keken nan.

A 1946 wani mai suna Orla Watson a birnin Kansas ya ƙaro dabarar da muke gani yau: bayan kwandon yana ɗagawa kamar ƙyaure, ta yadda keke zai shige cikin ɗan'uwansa su zama dogon layi a ɗan ƙaramin wuri. Wato ƙirar keken kanta ta ginu ne a kan cewa zai koma cikin 'yan'uwansa. Wanda ya bar shi a tsakiyar fili ya yi amfani da rabin abin da aka ƙera shi dominsa, ya bar wa wani ragowar.

Wannan wanin nake so ku gani da idon zuciya, domin ba ya nan a lokacin da kuke yanke shawara. Na farko shi ne yaron da aka ɗauka aikin tattara kekuna. Sau da yawa sa'anku ne, ko ƙaninku. A watan Afrilu a Kano zafi yakan haura digiri 40, kwalta kuma tana mayar da shi ta ƙasa. Idan kekuna suna wurin da aka tanadar, zuwa ɗaya zai yi ya haɗa su ya tura. Idan sun watse, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya tsakanin motocin da ke ja da baya, direbobinsu kuma ba lallai su hango shi ba. Ku tuna da goman ƙarshe na azumi, lokacin da kantuna ke cika da masu sayayyar salla: shi ma da azumi a bakinsa, kuma ba shi da motar da zai shiga ya kunna sanyi.

Bayan shi akwai direban da ya zagayo sau biyu yana neman wurin tsayawa, ya hango gurbi, ya karya kan mota, sai ya tarar da keke a ciki. Dole ya tsaya, ya fito, ya janye shi, na bayansa suna ta danna masa oda. Akwai mai motar da iska ko gangara ta turo wa keke ya goge mata fenti, ya fito bai san wanda zai tambaya ba. Wanda ya fi damuna shi ne mai keken guragu. A ƙasashe da yawa ana barin fili mai zane a gefen wurin ajiye motar masu buƙata ta musamman, domin su sami inda za su buɗe ƙofa su sauko da kekensu. Masu barin keken kanti kuwa wannan filin suka fi so, don suna ganinsa babu kowa. Abin da ya ɗauke maka minti ɗaya na wahala zai iya hana wani bawan Allah fitowa daga motarsa gaba ɗaya.

Na san amsar da ake bayarwa, don na sha jin ta daga bakin mutanen kirki. "Ai aikinsu ne." "Ai biyansu ake yi." Wasu ma sukan ƙara da cewa, "In kowa ya mayar, su kuma su ci me?" Ba zan ce muku babu ƙamshin gaskiya a ciki ba. Kamfanin Aldi, wanda asalinsa na Jamus ne, yana faɗa a fili cewa tsarinsa na sa masu sayayya su mayar da keke yana rage masa ɗaukar masu tattarawa, kuma da haka yake sauƙaƙa farashi. Don haka tambayar ba ta banza ba ce. Amma ku duba da kyau. A kantin da yake da masu wannan aiki, mayar da keke wurin tarawa ba ya kashe aikin, domin har yanzu sai an kwaso su daga can an kai bakin ƙofa, an goge, an ware masu lalatacciyar taya. Abin da kuka rage masa shi ne yawo a rana da haɗarin mota. Kuma ina so kowa ya tambayi zuciyarsa da gaske: a lokacin da ya saki keken ya shiga mota, tunanin albashin yaron nan ne ya sa, ko gajiya? Idan tausayinsa ne, hanyoyin nuna tausayi suna da yawa, kuma babu ƙara masa wahala a cikinsu.

A kantunanmu ma sau da yawa abin yakan zo da wata siga. Ma'aikaci ne zai karɓi keken daga hannunka, ya tura har mota, ya jera maka kaya, ya koma da shi. A nan ba a bar maka mayarwa ba, amma an bar maka abin da ya fi ta. Ka dube shi a fuska. Ka ce masa sannu da aiki. Idan kana waya, ka dakata ka yi masa godiya. Idan da hali ka ba shi na goro, in babu, kyakkyawar magana ba ta da tsada. Yana ba ni takaici in ga saurayi ya tsaya yana latsa waya, wani da ya girme shi yana ɗora masa katan-katan a but, ya gama, saurayin ya ja mota ko kallo babu. Wanda ya saba da rashin ganin mutumin da ke gabansa, ba abin mamaki ba ne ya kasa tuna wanda zai zo bayansa.

Turawa sun nemi maganin matsalar ta hanyar aljihu. A Jamus da maƙwabtanta ana ɗaure kekuna da 'yar sarƙa, ba za ka zare ɗaya ba sai ka sa kwandalar santi 50 ko yuro 1 a mariƙinsa, idan ka mayar ka maƙala sarƙar sai kuɗinka su fito. A Ingila fam 1 ake sawa a kantuna da yawa, a kantunan Aldi na Amurka kuma santi 25. Wasu kantunan sun sa wa taya makulli mai aiki da lantarki, wanda ke ƙamewa da zarar an ƙetare iyakar filin kanti. A Ingila, inda ake yawan tsintar kekunan nan a cikin koguna da magudanan ruwa, dokar kare muhalli ta 1990 ta ba ƙananan hukumomi damar kwashe waɗanda aka yasar su kuma caji kantin da ya mallake su. Duk wannan kuɗi ne ake kashewa, kuma ɗan kasuwa ba ya haɗiye asara shi kaɗai, a kan farashin kaya take sauka.

Tsarin kwandala yana aiki, ban musa ba. Amma yakan sa ni tunani. Mutum ɗaya, gajiya ɗaya, nisa ɗaya, rana ɗaya: saboda santi 25 ƙafarsa ta iya takawa. Ashe dama tana iyawa. Abin da ya rasa a da shi ne dalilin da ya ishe shi, kuma wahalar ɗan'uwansa ba ta ishe shi dalili ba. Ba na so ku zama haka, 'ya'yana. Mu nan ma kwandala ta kusa ɓacewa daga hannun mutane, don haka ba za a ɗaure mu da wannan sarƙar ba. Abin da zai mayar da keke a garuruwanmu sai dai tarbiyyar da mutum ya fito da ita daga gida.

Kada kuma ku ɗauka abin yana tsayawa a kan keke ɗaya. A 2008 wasu masana uku na jami'ar Groningen a ƙasar Holan, Kees Keizer da Siegwart Lindenberg da Linda Steg, sun buga sakamakon wani bincike a mujallar Science. A ɗaya daga gwaje-gwajensu sun je wurin ajiye motoci na wani kanti inda aka manna sanarwar a riƙa mayar da kekuna, suka maƙala takardar talla a gilashin gaban kowace mota, suka koma gefe suna kallon abin da masu motoci za su yi da ita. Lokacin da wurin yake a kintse, kashi 30 cikin 100 ne suka jefar da takardar a ƙasa. Da suka watsa kekuna huɗu a wurin, har suka shafa wa mariƙansu man basilin don kada wani ya ɗauke, masu jefarwa suka kai kashi 58 cikin 100. Ku lura, ba mayar da keke aka auna ba, zubar da shara aka auna. Ganin an karya wata ƙa'ida ya sa mutane sun sassauta wa kansu a wata dabam. Keken da ka bari yana magana da duk wanda ya zo bayanka, yana gaya masa cewa nan wuri ne da ba a damu ba. Wanda ka mayar shi ma yana magana.

A unguwannin da muka tashi, kunya tana da masu gadi. Idan yaro ya yi abin da bai dace ba a bakin titi, kafin ya isa gida labari ya riga shi, domin kowa ya san ɗan gidan wane ne. Wannan ya tsare mu daga abubuwa da yawa, kuma ina gode wa Allah da shi. Sai dai yana da rauni guda: yakan sa mutum ya kasa bambance abin da yake bari don Allah da abin da yake bari don idon maƙwabta. Filin ajiye motoci na babban kanti ya cire wannan idon. Babu wanda ya san sunan mahaifinka a can, waɗanda suka gan ka ba za ku sake haɗuwa ba. Rayuwarku kuma, fiye da tamu, za ta kasance a irin waɗannan wurare ne: manyan birane, filayen jirgi, jami'o'in ƙasashen waje, layin banki, titin da kowa baƙon kowa ne. Idan ladabinku na inda aka san ku ne kawai, to mafi yawan kwanakinku za su wuce babu shi.

Amma ba baƙon abu nake kawo muku ba. Ku tuna butar masallaci. Ba taka ba ce, ka same ta a wurin da ruwa a ciki saboda wani da ba ka sani ba ya cika ta. Ka yi alwala, sai ka sake cika ta ka ajiye inda ka ɗauka, ba ka bar ta a kife a bakin rariya ba. Babu limamin da ke tsaye yana rubuta sunan wanda ya cika da wanda bai cika ba. Wanda ya iya wannan ya riga ya iya mayar da keke, wurin ne kawai ya sauya masa. Kuma kun karanta a makarantar Islamiyya cewa a hadisin da Imamu Muslim ya ruwaito game da rassan imani, an lissafa kawar da abin cutarwa daga hanya a cikinsu. Idan ɗauke abin da wani ya yar a hanya yana da wannan matsayi, ku auna matsayin wanda ya ajiye shi da hannunsa ya tafi.

Yanzu ga inda nake so ku yi hattara sosai. A 2020 wata magana ta yaɗu a Amurka har ta zagaya duniya, cewa keken kanti shi ne ma'aunin mutum: tunda babu hukunci babu lada, wanda ya mayar mutumin kirki ne, wanda bai mayar ba kuwa ba a iya zama da shi sai da sanda. Har aka sami masu bin mutane da kyamara a filin kanti suna kunyata su a idon duniya. Ban yarda da wannan ba, kuma ba na so ku ɗauke shi. Ma'aunin yana da amfani idan ka ɗora kanka a kai. Idan ka ɗora wani, zalunci ya fi kusa da kai fiye da adalci, domin abin da ka gani kaɗan ne.

Ka ga mace ta bar keke ta ja mota. Ba ka ga jaririn da ta riga ta kwantar a kujerar baya ba, da ɗan shekara uku da ke neman buɗe ƙofa, kuma ba za ta bar su a mota cikin zafi ta yi nisa ba. Ta yi daidai. Ka ga dattijo ya jingine shi a gefe. Ba ka san keken ne ya zame masa sanda tun daga cikin kanti ba, idan ya mayar, da me zai dawo? Akwai mai ciwon da ba ya nunawa a fuska, mai sikila, mai asma, wanda aka yi wa aiki kwanan nan. Akwai yarinyar da dare ya yi mata, ta ga wasu suna kallonta, ta zaɓi ta shige mota ta kulle. Akwai wanda aka kira daga asibiti. Duk waɗannan daga nesa kamarsu ɗaya da malalaci. Tunda ba za ka iya rarrabewa ba, kyautata zato ya fi maka aminci. Kai da Allah ya ba lafiya da ƙuruciya, kai ne ya kamata ka cike gurbinsu. Idan za ka shiga kanti ka ga wata uwa ta gama kwashe kaya, ka ce mata, "Hajiya, kawo in tafi da shi." Ka sami keke, ita ta sami sauƙi, yaron kanti ya huta da tafiya ɗaya. Idan ka ga tsoho, "Baba, bar shi, zan mayar." Ba ka buƙatar sanin ko yana da uzuri.

Su ma masu kantuna suna da nasu rabon, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wani wurin babu inda aka keɓe don tara kekuna a fili, sai ka koma har bakin ƙofa, wani wurin kuma an keɓe amma babu alamar da za ta nuna. Idan kun tarar da haka, ku gaya wa manaja cikin ladabi, sau da yawa ba su lura ba ne. Kafin su gyara, ku kai keken bakin ƙofa in da hali. In babu, ku nema masa gefen da ba hanyar mota ba, ba hanyar masu tafiya a ƙasa ba, ba kuma gurbin masu buƙata ta musamman ba, ku tokare tayarsa da dakali don kada ya gangara. Ku cire rasit da leda da robar ruwan da kuka sha, kada na gaba ya tarar da shararku. A cikin kanti kuma kada ku gindaya shi a tsakiyar layi ku tafi neman wani abu, kada ku ajiye shi ya riƙe muku wuri a layin biya alhali ba ku gama sayayya ba. Idan kun fasa sayen kaza ko kifin da kuka ɗauko daga firiji, ku mayar da shi firijin ko ku miƙa wa ma'aikaci, domin idan kuka tura shi bayan kwalayen omo lalacewa zai yi kafin a gan shi, kuma abinci ne.

Idan kun je da ƙannenku, ku ba su aikin mayarwa, kuna tsaye kuna kallonsu saboda motoci. Yara suna son turawa, suna son jin ƙarar da keke ke yi idan ya shige cikin ɗan'uwansa, kuma abin da hannu ya saba da shi tun yana ƙarami ba ya buƙatar dogon bayani daga baya. Idan kuma abokinku ne ya saki nasa ya nufi mota, kada ku yi masa wa'azi a gaban mutane, kada ku ɗauke shi hoto. Ku ce masa ya tayar da mota kuna zuwa, ku haɗa nasa da naku ku kai. In ya tambaya, ku gaya masa dalili a hanya, ku biyu kawai.